Injin kwance noti mai batir: ƙarami ko matsakaici, wanne ya kamata mai mota ya saya?

Notin tayar ƙaramar mota ba wani ƙarfi na a-zo-a-gani yake buƙata ba. Toyota ta ƙayyade wa Corolla 103 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa noti), Honda ta ƙayyade wa Civic da Accord 108, Volkswagen Golf kuwa 120. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma kawai zai ce duk injin da aka rubuta 200 Nm a kwalinsa ya isa har da saura. A nan ne kuwa mutane da yawa suke zubar da kuɗinsu. Ƙarfin da aka ɗaure noti da shi daban, ƙarfin da zai kwance shi bayan shekara biyu daban. Zafin birki ya gasa shi, ruwa da laka sun shige shi, tsatsa ta kama, sannan mai yiwuwa wanda ya ɗaure shi na ƙarshe da injin iska ya danna shi har ya ninka abin da kamfani ya ce. Notin da ya kamata ya saki a 110 sai ya tsaya ƙyam sai an ba shi 250 ko fiye.

Kuma taya ce mafi sauƙi a cikin aikin. Babban notin da ke riƙe shaf a tsakiyar ƙafar gaba ta Corolla 216 Nm ake ɗaure shi tun daga masana'anta. Bol ɗin fulin kiranshaf na injinan Honda da yawa 245 ne, kuma duk bakaniken da ya taɓa kwance shi ya san ƙarfin da yake ci ya wuce haka nesa. Manyan motocin ɗaukar kaya irin Ford F-150 na baya-bayan nan notin tayarsu kaɗai ya kai 204. Saboda haka tambayar farko ba ta kamfani ba ce. Tambayar ita ce: wane noti ne mafi taurin kai da kake sa ran haɗuwa da shi, kuma a wane lungu na mota yake?

Lambar da ke jikin kwali

Injin nan ba murɗawa yake yi a jere kamar na huda katako ba. A cikinsa akwai wata 'yar guduma mai juyawa da sifirin a bayanta. Muddin notin na tafiya, injin juyawa kawai yake yi. Da zarar ya cije, gudumar sai ta ja baya, ta kuɓuce, ta doki ƙarfen da soket ke kai, ta sake, ta sake, sau dubu biyu zuwa uku ko fiye a minti ɗaya. Shi ya sa ba ya murɗe maka wuyan hannu, shi ya sa kuma auna ƙarfinsa ke da wuya. Ƙarfin yana hawa ne da tsawon lokacin da aka bar shi yana duka, da kaurin bol ɗin da aka gwada a kai, da nauyin soket, da batirin da aka saka.

Babu wata ƙa'idar gwaji guda da ta hau kan dukkan kamfanoni a wannan fanni. Kowa da bol ɗin da yake gwaji da shi da daƙiƙun da yake bari injin ya yi. Ga kuma lambobi biyu da ake bugawa: ƙarfin ɗaurewa da ƙarfin kwancewa. Na biyun ya fi girma yawanci, don haka shi ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Makita DTW300 misali, 330 Nm ne wajen ɗaurewa, 580 wajen kwancewa. DeWalt DCF921 kuwa 406 da 610. Idan ka ɗauki lambar kwancewa ta wani ka gwada da lambar ɗaurewa ta wani, ka yi wa ɗaya rashin adalci ba ka sani ba. Kamfanonin Amurka kuma sukan rubuta ft-lb maimakon Nm. Ka ninka da 1.36 ka samu Nm, wato 250 ft-lb kimanin 340 Nm ke nan.

Ni dai yadda nake ɗaukar lambar kwali shi ne: tana da amfani wajen gwada injina biyu na kamfani ɗaya, tana nuna ajin da inji yake, amma bambancin 30 ko 50 Nm tsakanin kamfanoni biyu bai isa ya sa ka canja ra'ayi ba.

Kafin mu shiga azuzuwan, a kula da wani ɗan'uwansa da ake yawan rikita su. Akwai injin ɗaure sukuru mai duka, wanda bakinsa rami ne mai kusurwa shida na kwatan inci. Kamanninsu ɗaya, ƙararsu ɗaya, amma shi na aikin katako da rufin kwano ne. Ana iya sa masa mahaɗi a ɗora soket, wani lokacin ma ya kwance notin taya, sai dai siririn mahaɗin nan shi ke shanye dukan, ƙarshenta ya karye. Wanda ake nufi a nan shi ne mai kai murabba'i, wanda soket ke shiga kai tsaye.

Azuzuwa uku da rabi

Ajin farko su ne 'yan guntaye masu 12V. Milwaukee ce ta yi suna a nan da M12 Fuel Stubby, wanda tsawon kansa bai wuce santimita 12 da ɗoriya ba. Na farkonsa 339 Nm aka rubuta masa. Yana shiga wuraren da sauran ba sa shiga: bayan kalifar birki, cikin ramin taya, gefen inji, ƙarƙashin mota inda jak bai ɗaga sosai ba. Notin tayar da aka ɗaure bisa ƙa'ida yana kwance shi ba gardama. Wanda aka danne ko ya yi tsatsa kuwa sai ya yi ta duka yana jan lokaci, wani sa'in ya gaza. DeWalt ma tana da nata a wannan aji, DCF901, mai 340 Nm na ɗaurewa. Amma sabon Stubby da Milwaukee ta fitar a 2024 ya ɗan ruguza rabon azuzuwan, domin 745 Nm na kwancewa aka rubuta masa alhali girmansa kusan ɗaya da na farko. Shi ne "rabin" da na ambata. Sai dai wannan ƙarfi ba ya fitowa da ƙaramin batirin da ke shigewa cikin mariƙi. Sai an sa masa babba mai 5.0Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka). Kuma mariƙin injinan M12 ya fi kauri saboda batirin na cikinsa, mai ƙaramin hannu ya riƙe ya ji tukuna.

Aji na biyu su ne ƙanana masu 18V, su DCF921 da DTW300 da na ambata, da Bosch GDS 18V-450. Tsawon DCF921 kimanin santimita 12 da rabi ne, na Makita 14 da ɗoriya. A kai, ba su fi 'yan 12V girma sosai ba. A ƙasa bambancin yake, inda faffaɗan batir ke rataye. Wannan aji shi ne daidai ruwa daidai tsaki ga mai ƙaramar mota: taya, birki, shokazoba, ƙananan ƙarafan ƙafa, duk yana yi. Babban notin shaf yakan kwance shi idan bai yi tsatsa ba. Inda yake ja da baya shi ne bol ɗin kiranshaf da manyan bol-bol ɗin ƙarƙashi da suka shekara goma ba a taɓa su ba.

Aji na uku matsakaita ne. Milwaukee M18 Fuel 2962 yana da 745 na ɗaurewa da 881 na kwancewa a tsawon santimita 15. DeWalt DCF891 yana da 812 da 1,084. Makita DTW700 yana da 700 da 1,000, tsawonsa santimita 17. Shekarun baya irin wannan ƙarfi sai a manyan injina ake samunsa. Yanzu da 'yan santimita kawai suka fi ƙananan, nauyi kuma ya ƙaru da wajen rabin kilo ko fiye. Wannan ƙarin ba a jinsa a notin farko. Ana jinsa ne a noti na talatin, kana kwance ƙarƙashin mota hannu a sama.

Manyan kuwa, irin Milwaukee 2767 da DeWalt DCF900 masu kusan 1,900 Nm na kwancewa, ba na mai mota ɗaya ba ne. Sun haura kilo uku da batir, tsawonsu ya wuce santimita 20, ba sa shiga lungu, kuma daƙiƙa ɗaya ta sakaci ta isa su tsinke ƙusar taya. Na mai gyaran tirela ne da tarakta. Mu bar su nan.

To tsakanin ƙarami mai 18V da matsakaici, wanne? Nan ne ainihin zaɓin yake, kuma mutane sukan kasa shi ne ta hanyar tunanin noti guda ɗaya da ya taɓa ba su wahala. Ka lissafa aikin da kake yi a shekara. Yawancinsa noti ne na 12 zuwa 19, a matsattsen wuri. A irin wannan aiki injin da ya shiga ya fi injin da ya fi ƙarfi amma bai shiga ba, domin da zarar ka ƙara doguwar sanda ko gwiwa tsakanin inji da soket, wani kaso na dukan ya tafi a lanƙwasar ƙarfen. Matsakaicin inji da doguwar sanda na iya kai wa noti ƙarfin da bai fi na ƙarami da ke manne da shi ba. A ɗaya ɓangaren, idan motarka babba ce, ko tsohuwa ce mai tsatsa, ko tana yawo inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara ko kusa da teku, ƙaramin zai riƙa ba ka kunya a daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Mai irin wannan mota ya ɗauki matsakaici, ya haƙura da nauyin.

Rabin inci ko uku bisa takwas

Yawancin ƙananan injinan nan ana yin su da kai iri biyu a jiki ɗaya. DCF921 rabin inci ne, DCF923 shi ne ɗan'uwansa mai 3/8. Stubby ma haka. Soket na 3/8 sun fi gajarta da siranta, sun fi daɗin aiki a cikin inji. Amma soket ɗin taya masu siririn baki da rigar roba don kada su karce rim, da manyan soket na notin shaf irin 30 da 32 da 36, kusan duk a rabin inci ake samunsu. Nauyin soket na rabin inci ma yana taimakawa wajen isar da duka. Wanda inji ɗaya zai saya, rabin inci ne nasa. Mai 3/8 inji na biyu ne, na bakaniken da ya riga ya mallaki babba.

Sai abin da ke riƙe soket ɗin. Wani zobe ne a bakin kai, wani kuma 'yar ƙusa ce mai sifirin da ke shiga ramin soket. Mai ƙusa an yi shi ne don masu aiki a saman gini, inda faɗuwar soket haɗari ce. Cire soket daga gare shi sai an tura ƙusar da wani tsinke. A gyaran mota kana canja soket kowane minti biyu, don haka mai zobe za ka nema. Ka duba lambar da kyau, domin sau da yawa harafi ko lamba ɗaya ce ta raba su: DCF921 mai zobe ne, DCF922 mai ƙusa.

Batir shi ne auren

Injin saye ne, batirin kuwa aure ne. Batirin Makita ba ya shiga DeWalt, na DeWalt ba ya shiga Milwaukee, kai M12 ma ba ya shiga M18 duk da kamfani ɗaya ne. Batir biyu da caja sukan ci kuɗin da ya yi kusa da na injin ko ya fi. Saboda haka idan kana da injin huda ko na yankan ƙarfe na wani kamfani daga cikin sanannun nan, shawara ta kusa yankuwa: sayi injin tsirara na wannan kamfanin, ba batir ba caja. Duk manyan kamfanonin suna da ƙarami da matsakaici masu kyau, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai darajar fara sabon gidan batir ba. Wanda bai da komai kuwa ya dubi abin da zai so ya saya gaba. Mai son tara kayan gyaran mota zai ga M12 na da yawansu, har da racet mai batir da fitilun ƙarƙashin bonet. Mai haɗa gyaran mota da aikin gida 18V ya fi yi masa faɗi.

Kada 20V ta ruɗe ka a kan 18V. Ƙwayoyi biyar ne a jere a cikin dukansu, kowace 3.6V, an cire daga caja yanzun nan sai su nuna 20, an fara aiki sai su koma 18. DeWalt da kanta batirin da take sayarwa da sunan 20V Max a Amurka shi take kira 18V a Turai. Haka 12V ɗin ma ƙwayoyi uku ne, 10.8V.

Lambar Ah ita ce ke da magana. An fi saninta da daɗewar caji, amma tana taɓa ƙarfi ma. Batir mai 2Ah layi ɗaya ne na ƙwayoyi biyar, mai 4 ko 5Ah yawanci layi biyu ne, goma ke nan, don haka idan inji ya ja wuta da ƙarfi ba ya durƙushewa. Inji ɗaya, noti ɗaya, sai ya gaza da ƙaramin batir ya kwance da babba. Wajen daɗewa babu damuwa ko kaɗan, canja taya huɗu ba ya cin komai a caji. Abin kula shi ne zafi: batirin litiyom da aka bari a but ɗin mota rana na dukansa wata da watanni yana tsufa da wuri. Mai son ajiye injin a mota saboda faci ya san da wannan, ya kuma riƙa duba cajin lokaci zuwa lokaci.

Motar lantarkin da ke juya injin kuma, mara burushin kabon ita ce ta zamani: ta fi gajarta, ba ta zafi da wuri, babu kabon da zai cinye. Duk waɗanda na lissafa irinta gare su. Idan ka ga mai burushi da arha, yawanci tsohon ƙira ne mai tsawo da rauni.

Akwai abin da na fi ba muhimmanci a kan ƙarin 100 Nm, wato iya rage ƙarfi. Inji mai mataki uku ko huɗu, da kunamar da ke bin matsin yatsa, shi ne wanda za ka iya sa wa ƙaramin noti na 10 ba tare da ka cinye tiredinsa ba. Makita da DeWalt da Milwaukee duk suna da wani mataki da ke tsayawa ko ya dakata da kansa idan noti ya zauna, sannan wajen kwancewa ya rage gudu da zarar noti ya saki don kada ya yi tsalle ya ɓace. A matsakaitan injina wannan ba ado ba ne, tilas ne.

Kasuwar intanet cike take da injinan da ba su da sunan kirki, an rubuta musu 88V ko 1,000 Nm a jikin abin da bai kai tafin hannu biyu ba, galibi da launin Makita da mazaunin batir irin nata. Ɗan batir mai ƙwaya biyar ba zai taɓa ba da 88V ba, kuma wanda ya yi ƙarya a lamba ɗaya babu dalilin yarda da ta biyun. Wasu daga cikinsu suna kwance taya, ba a musu. Abin tsoron yana cikin batir da cajar, inda ake tsuke kuɗi a kan na'urar da ke hana zafi da wuce kima wajen caji. Idan kuɗi ne matsalar, gara layin gida na kamfanin da aka sani, irin Ryobi ko Einhell, mai garanti da batirin da za ka samu bayan shekara biyar. Ko da sanannen suna ne a jiki, a tabbatar na gaske ne, domin waɗannan injina na cikin waɗanda aka fi yi wa jabu.

Idan aka matsa mini in faɗi zaɓi: mai ƙaramar mota ko biyu a gida, ƙarami mai 18V, rabin inci, mai zobe, wanda ƙarfin kwancewarsa ya kai wajen 600 Nm, da batir 4 ko 5Ah. Wanda lungu ya fi damunsa kuma ba shi da wani batir a ƙasa, sabon Stubby. Mai babbar mota ko mai yi wa mutane aiki, matsakaici, daga baya ya ƙara ɗan guntu. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne injin da bai kai 300 Nm ba a matsayin shi kaɗai.

Kuɗin da za ka ware gefe

Injin kaɗai bai gama aiki ba. Soket masu ƙyalli na hannu ba a yi su don duka ba. Suna iya tsagewa ɓarɓashi ya tashi, ido kuwa ba shi da sifiya. Baƙaƙen nan masu kauri su ne nasa, ƙarfensu na iya shan duka ba tare da ya fashe ba. Na 17 da 19 da 21 sun ɗauke tayar yawancin ƙananan motoci. A nemi masu kusurwa shida, don masu goma sha biyu sun fi saurin cinye kan noti. Ƙarar dukan kuma tana kaiwa wajen desibel 100, a rufaffen gareji ta fi haka cutarwa, don haka abin toshe kunne da tabarau na cikin lissafi.

Abu na biyu sifanar awo ce, wadda ake saita ta a lamba ta yi ƙas idan an kai. Injin duka bai san 103 ba, bai san 120 ba, duka kawai ya sani. Notin taya da hannu ake fara shi ya kama tiredi zagaye biyu ko uku, a kai shi ya zauna da inji a mataki mafi rauni, ana tsallaka noti zuwa na daura da shi maimakon bin su a jere, sannan a sauke mota a ƙarasa da sifanar awo. Wanda ya danne da inji har ƙarshe yana miƙe ƙusar taya, yana iya sa faifan birki ya zauna a karkace, kuma ranar da ya yi faci a hanya sifanar da ke but ba za ta iya kwance abin da ya ɗaure ba.

Akwai wuraren da injin ba ya zuwa sam: fulogi, notin zubar da baƙin mai, duk wani bol da ke shiga alminiyom wajen ɗaurewa, da makullin notin taya na hana sata, wanda haƙoransa ba sa jure duka. Idan kuma inji ya yi daƙiƙa biyar zuwa goma yana duka noti bai motsa ba, a dakata. Ci gaba zafi kawai yake tarawa yana cinye kan notin. A fesa man sassauta tsatsa a ba shi lokaci, a cire duk wata sandar ƙari, a sa cikakken batir a sake gwadawa. In ya ƙi, doguwar sandar ƙarfe ta hannu mai tsawon santimita 60 za ta yi: mutum mai kilo 70 da ya ɗora nauyinsa a ƙarshenta ya ba notin sama da 400 Nm, kuma yana jin lokacin da bol ke shirin tsinkewa, abin da inji ba ya gaya masa.